Yara uku a ɗaki ɗaya: rigimar Amurka kan inshorar lafiyar 'ya'yan baƙi

A ƙaddara wani gida ne a ɗaya daga cikin biranen Amurka, maigida direban tasi, uwargida tana aikin shara da gyaran ɗakuna a otal. Yara uku ke kwana a ɗaki ɗaya. Babbarsu an shigo da ita ƙasar tana goye, ba takarda. Ƙanenta a asibitin garin aka haife shi. Na ukun ɗan ƙanen maigida ne, bara ya sauka da bizarsa da katin zaman dindindin, wanda ake kira girin kad. Tukunyarsu ɗaya, makarantarsu ɗaya, in mura ta kama ɗaya sai ta zagaye su duka. Amma ranar zuwa wurin likita kowa da layinsa. Wanda aka haifa a ƙasar ɗan Amurka ne tun ranar da ya faɗo, bisa gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulki a 1868, don haka inshorar gwamnati haƙƙinsa ce muddin samun iyayensa bai wuce ƙa'ida ba. Mai girin kad, ya danganta da jihar da yake zaune: ko a karɓe shi yau, ko a ce ya dawo bayan shekara biyar. Ita kuwa babbar, kuɗin gwamnatin tarayya ba ya zuwa kanta sai in rai ya yi halinsa an garzaya da ita ɗakin gaggawa.

Duk wanda yake son ya gane wannan rigima, to ya riƙe waɗannan yara uku a ransa. 'Yan siyasa suna hawa mumbari su ce “'ya'yan baƙi” kamar abu ɗaya ne, hayaniyar duk a kan ta farkon ake yin ta, amma in aka bi dokokin da aka yi ta zartarwa ana sokewa cikin shekara talatin, mafi yawansu a kan sauran biyun suka sauka.

Dalilin da ya sa maganar take da zafi shi ne, a Amurka rashin inshora ba ƙaramar masifa ba ce. Mafi yawan mutane ta wurin aikinsu suke samun ta, kuma ayyukan da sabon zuwa yake samu, gini da gona da wanke-wanke a gidan abinci, galibi ba sa zuwa da ita. Karaya ɗaya ko kwana biyu a gadon asibiti na iya jefa gida cikin bashin da za a yi shekaru ana biya. Shirye-shirye biyu ne suke tare wa yaran talakawa wannan. Na farko Medicaid, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965 domin marasa ƙarfi. Na biyu CHIP, wanda aka kafa a 1997 domin yaran da iyayensu suka ɗan fi ƙarfin Medicaid amma ba su kai sayen inshorar kamfani ba. Sanata Ted Kennedy na jam'iyyar Dimokurat da Sanata Orrin Hatch na Rifablikan ne suka haɗa kai a kansa, ga goyon bayan Hillary Clinton daga fadar shugaban ƙasa, aka kuma jingina kuɗinsa da harajin taba sigari. Tarayya da jihohi ke haɗa kuɗin, jihohi ke gudanarwa. A CHIP tarayya tana biyan aƙalla kashi 65 cikin 100. Shirye-shiryen biyu a haɗe suna ɗauke da kusan rabin yaran ƙasar, kuma sun yi aiki: yaran da ba su da inshora sun kai kashi 14 cikin 100 a 1997, zuwa 2016 sun sauko ƙasa da kashi 5.

Sai dai an haifi CHIP ne a cikin gidan da aka riga aka gina wa katanga. Shekara guda kafinsa, ranar 22 ga Agusta 1996, Bill Clinton ya sa hannu a dokar garambawul ga tallafin gwamnati, wadda majalisar da 'yan Rifablikan suka mamaye ta tsara. Kafin wannan rana, baƙon da ya shigo da izini kusan daidai yake da ɗan ƙasa wajen samun Medicaid. Bayanta, duk wanda ya shigo, ko da girin kad a hannunsa, sai ya jira shekara biyar. An keɓe 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka, saura kowa ya shiga layi, har da jarirai da mata masu ciki. Kusan rabin kuɗin da aka yi lissafin dokar za ta rage wa gwamnati, daga aljihun baƙi masu izini aka yanko shi. Clinton da bakinsa ya ce wannan ɓangaren bai yi daidai ba, zai nemi a gyara, amma hannu dai ya riga ya sa, zaɓe kuma yana tafe a Nuwamba. Iskar lokacin ma ta wajen take kaɗawa, domin a 1994 masu zaɓe a Kalifoniya sun amince da wani ƙuduri mai lamba 187 da ya nemi hana baƙin haure makaranta da asibitin gwamnati, sai kotu ce ta taka masa birki.

Masu kare wa'adin shekara biyar suna da hujja, kuma bai kamata a yi kamar ba su da ita ba. Suka ce wanda ya ɗauko ɗan'uwansa zuwa Amurka yana sa hannu a takardar rantsuwa cewa shi zai ɗauki nauyinsa, takardar da ake iya kai mutum kotu a kanta. To in ka ce kai za ka ciyar da baƙonka, me ya kawo maƙwabci cikin cefane? Suka ƙara da cewa ƙa'idar hana shigowar wanda zai zama kaya a wuyan hukuma tana cikin dokar ƙasar tun 1882, ba yau aka ƙirƙiro ta ba. Akwai kuma tsoron cewa tallafi zuma ne, in ka buɗe tulun ƙuda za su zo, wato ƙasa ba za ta iya haɗa buɗaɗɗiyar iyaka da buɗaɗɗiyar baitulmali ba. Ta ƙarshe ita ce kuɗi suna da iyaka, ga 'ya'yan 'yan ƙasa ma ba a gama da su ba.

Ɗaya ɓangaren, likitocin yara da ƙungiyoyin asibitoci da yawancin 'yan Dimokurat, amsarsu ba ta da tsawo. Shekara biyar a wurin babba jira ne, a wurin yaro kuwa ƙuruciyar ce gaba ɗaya. Yaron da ya zo yana shekara ɗaya zai shiga firamare ba a taɓa duba masa ido ko kunne ba. Asma da za a iya riƙewa da ɗan abin shaƙa sai ta kai shi gadon gaggawa, inda doka ta 1986, wadda Ronald Reagan ya sa wa hannu, ta tilasta wa asibiti ya karɓi duk wanda ya zo a mawuyacin hali ko yana da takarda ko ba shi da ita. Kuɗin dai za a biya, an dai zaɓi a biya shi a makare kuma da tsada. Iyayen nan kuma suna biyan haraji tun albashinsu na farko. Ni a ganina hujjar takardar rantsuwa tana da nauyi a kan babban da ya zo da ƙarfinsa, amma ta yi rauni a kan yaro, wanda bai sa hannu a komai ba. Ba ma kowa ne yake da mai ɗaukar nauyi ba. Mutumin Kumasi ko Yamai da ya ci bizar caca ya sauka da iyalinsa ba ta hannun ɗan'uwa ya zo ba, amma wa'adin ya hau kan 'ya'yansa daidai da na kowa.

A 2007 wa'adin CHIP ya zo ƙarewa, majalisa ta nemi ƙara masa dala biliyan 35 cikin shekara biyar. Majalisar wakilai ta fara da ƙudurin da ya ba jihohi damar cire jiran shekara biyar ga yara, amma wajen sasantawa da majalisar dattawa aka jefar da wannan sashe don a samu ƙuri'un 'yan Rifablikan. Wakilai 'yan asalin Latin Amurka sun ji zafin abin. Kuma sadaukarwar ba ta biya ba, domin George W. Bush ya hau kujerar na-ƙi sau biyu, a Oktoba da Disamba, yana cewa shirin yana jan masu matsakaicin ƙarfi daga inshorar kamfanoni zuwa ta gwamnati. Abin lura shi ne, ko da babu sashen baƙi a ciki, masu adawa sun yi ta cewa ƙudurin zai buɗe wa baƙin haure ƙofa, saboda ya sassauta hanyar tantance takardu.

Wannan magana ta takardu tana da tarihinta. Daga Yulin 2006 doka ta wajabta wa duk mai neman Medicaid da ya ce shi ɗan ƙasa ne ya kawo shaida ta asali, fasfo ko takardar haihuwa, don a kama baƙin hauren da ake zaton sun saje. Da ofishin binciken majalisa ya bi sawu a 2007, jihohi 22 cikin 44 da suka amsa sun ce masu rajista sun ragu, kuma yawancinsu suna ganin 'yan ƙasa ne abin ya fi shafa. Talakan karkara da ba shi da fasfo, ko kakar da take riƙon jikoki ba ta san inda takardar haihuwarsu take ba, su tarkon ya kama. An ɗana don kura, ya kama akuyar gida.

Da Barack Obama ya hau a Janairun 2009 aka dawo da ƙudurin. A kwamitin kuɗi na majalisar dattawa Sanata Jay Rockefeller ya mayar da sashen baƙi masu izini. Nan aka ɓata. Sanata Chuck Grassley da Orrin Hatch, 'yan Rifablikan, waɗanda suka bijire wa shugabansu Bush a 2007 suka goyi bayan shirin, suka ce an karya yarjejeniyar da aka yi da su, suka jefa ƙuri'ar ƙin amincewa. Hatch fa, wanda da hannunsa aka gina CHIP. Duk da haka ƙudurin ya wuce da 66 da 32 a dattawa, 290 da 135 a wakilai, Obama ya sa hannu ranar 4 ga Fabrairu. An ƙara harajin kwalin sigari ya kai dala 1 da santi 1. Sashe na 214 na dokar bai tilasta wa kowa komai ba, zaɓi kawai ya bayar: jihar da ta so, ta karɓi yara da mata masu ciki da suke zaune bisa doka ba tare da jira ba, tarayya ta biya nata kason.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki a duk labarin. Sashen da ya kusa wargaza ƙudurin a Washinton, da ya isa jihohi sai aka yi ta karɓarsa ba hayaniya. Jihohi fiye da 35 sun ɗauka domin yara, cikinsu har da Tekzas, da Filorida wadda ta shiga a 2016 ƙarƙashin gwamna Rick Scott, ɗan Rifablikan. Gwamna yana ganin takardun bashin asibitocin jiharsa, yana kuma ganin tarayya za ta biya kaso mafi tsoka, lissafin ba ya buƙatar dogon tunani.

Akwai wata ƙofar ma da ta fi wannan ban mamaki. A 2002 gwamnatin Bush ta fitar da ƙa'idar da ta ce a CHIP, ɗan da ke ciki shi ma yaro ne. Manufar tana da alaƙa da aƙidar masu adawa da zubar da ciki, amma ga abin da ta haifar: tunda ɗan tayi ba shi da matsayin shige da fice, kuma in an haife shi ɗan ƙasa ne, sai ya zama jiha tana iya biya wa uwa kuɗin awo ko da ita baƙuwar haure ce. Inshorar ta cikin ce, uwar rakiya ta yi. A Nebaraska wannan ya raba 'yan Rifablikan gida biyu a 2012. Gwamna Dave Heineman ya hau kujerar na-ƙi, ya ce ba za a kashe harajin jama'a a kan waɗanda suka karya doka ba. Ƙungiyoyin adawa da zubar da ciki suka ce in da gaske rai ake karewa, ga rai nan a ciki. Majalisar jihar ta tsallake gwamnan ta zartar.

Saura babbar yarinyar, marar takarda. Ita matsayinta a dokar tarayya bai taɓa motsawa ba: ba Medicaid, ba CHIP, ko inshorar kasuwar da dokar Obama ta 2010 ta kafa ba a yarda ta saya ba, ko da kuɗinta. A kan wannan batu ne ɗan majalisa Joe Wilson ya daka wa Obama tsawa cewa ƙarya yake yi, a tsakiyar jawabinsa ga majalisa a Satumbar 2009. Abin da ya rage mata shi ne Medicaid na gaggawa, wanda asibiti ake biya ba ita ba, bai kuma kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin shirin ba. Kotun ƙoli ta yanke tun 1982, a wata shari'a daga Tekzas, cewa ba a hana irin wannan yarinya makarantar gwamnati, domin ba a hukunta yaro da laifin iyayensa. Ba a taɓa yin irin wannan hukunci a kan lafiya ba. Ke nan tana da kujera a aji, ba ta da kati a asibiti.

Wasu jihohi suka ce to za su biya daga aljihunsu. Niyok ta daɗe tana yi, Ilinoi ta fara a 2006, Kalifoniya a 2016, Oregon a 2018, har zuwa 2025 jihohi 14 da birnin Washinton suna ɗaukar yara ba tare da tambayar takarda ba. Da wasunsu suka faɗaɗa zuwa manya sai kuɗin ya zarce lissafi, a 2025 Kalifoniya da Ilinoi da Minesota, dukkansu da gwamnoni 'yan Dimokurat, suka ja da baya a kan manyan. Yaran dai ba a taɓa su ba. Wannan ya nuna inda ra'ayin jama'a ya tsaya, ya kuma ba masu cewa kuɗi suna da iyaka abin nunawa.

Dokar haraji da kashe kuɗi da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta sake zana layin. Majalisar wakilai ta so a hukunta jihohin da ke ɗaukar baƙin haure da kuɗinsu, ta hanyar rage kason tarayya a wani ɓangaren Medicaid daga kashi 90 zuwa 80. Wannan bai tsallake ƙa'idojin majalisar dattawa ba, aka cire shi. Abin da ya tsira shi ne taƙaita baƙin da tarayya za ta biya wa Medicaid da CHIP, daga 1 ga Oktoba 2026: masu girin kad, wasu 'yan Kuba da Haiti, da mutanen wasu tsibiran tekun Pasifik da ke da yarjejeniya da Amurka. 'Yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka, mutanen da ko jiran shekara biyar na dokar 1996 bai shafa ba, sun fita daga jerin. An bar zaɓin nan na 2009 a raye, don haka ɗan gudun hijirar Kongo ko Sudan da aka sauke a jihar da ta ɗauki zaɓin yana nan da inshorarsa, wanda aka sauke a jihar da ba ta ɗauka ba kuwa ya shiga rana. Bayan wata uku gwamnatin tarayya ta rufe ayyukanta na kwana 43 saboda an kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin, kuma taken 'yan Rifablikan a lokacin shi ne 'yan Dimokurat suna son a ba baƙin haure magani kyauta. 'Yan Dimokurat suka ce masu izini suke nufi. A nan ma kalma ce ake faɗa a kanta, domin da yawa cikin 'yan Rifablikan ba sa ɗaukar izinin wucin gadi da gwamnatin Joe Biden ta ba dubban ɗaruruwan mutane a matsayin halas.

Yaron tsakiya, haifaffen ƙasar, a takarda babu abin da ya shafe shi cikin duk wannan. A zahiri shi ne ya fi yawa cikin waɗanda abin ke taɓawa. Yaro ɗaya cikin huɗu a Amurka yana da uwa ko uba baƙo, kuma kusan tara cikin goma na waɗannan yara 'yan ƙasa ne. Ba su suke cike takarda ba, iyayensu ne. A 2019 gwamnatin Trump ta farko ta faɗaɗa ƙa'idar zama kaya a wuyan hukuma, ta yadda amfani da Medicaid zai iya hana mutum girin kad. Ƙa'idar ta keɓe CHIP, ta keɓe 'yan ƙasa da shekara 21, ta keɓe mata masu ciki. Amma wa ya karanta ɗaruruwan shafuka? Abin da ya zagaya unguwa shi ne “kar ka karɓi komai na gwamnati”. Cibiyar bincike ta Urban ta gano cewa tun a 2018, ƙa'idar ba ta ma fara aiki ba, babba ɗaya cikin bakwai a gidajen baƙi ya ce shi ko wani nasa ya guje wa tallafi saboda tsoro. Biden ya daina aiki da ƙa'idar a 2021, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A Yunin 2025 kuma labari ya fito cewa hukumar da ke kula da Medicaid ta miƙa bayanan masu rajista ga ma'aikatar tsaron cikin gida, wadda jami'an kamen baƙi ke ƙarƙashinta. Jihohi 20 suka garzaya kotu, Kalifoniya a gaba. Gwamnati ta ce tana tabbatar da cewa kuɗin tarayya ba sa zuwa inda doka ta hana. Shekara da shekaru ma'aikatan asibitocin unguwa suna rantse wa iyaye cewa abin da suka rubuta a takardar inshora ba ya fita daga ofis. Yanzu uwargidan nan mai aikin otal za ta zauna ta sabunta rajistar ɗanta, ɗan ƙasa, wanda babu mai jayayya da haƙƙinsa. Takardar tana da gurbin adireshi, adireshin kuwa na gidan da yayarsa take kwana ne.